LAFIYAR 'YAN KALLO: Dogon zama gaban talabijin na taɓa zuciya

A zamanin kaset, fim ɗin Hausa kan zo kashi biyu ko uku, kuma sai an jira makonni kafin kashi na gaba ya shigo kasuwa. Yanzu zamani ya canza. Tunda finafinai masu dogon zango irin su 'Daɗin Kowa', 'Labarina' da 'Izzar So' suka karɓe fage, mutum sai ya zauna tun bayan Isha'i har ƙarfe ɗayan dare yana ta kallo. Ga kuma fassarar Indiya, wanda fim ɗaya kan ci awa uku cur.

To amma fa likitoci sun ce a bi a hankali. A 2011 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tattara bincike-binciken da aka yi a baya, inda suka gano cewa duk ƙarin awa biyu na kallon talabijin a kullum na tafiya da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kashi 15 cikin ɗari, na ciwon suga kuwa kashi 20. A 2019 kuma wani bincike kan baƙaƙen fata sama da 3,500 a garin Jackson na jihar Mississippi ya nuna cewa masu kallon awa huɗu zuwa sama sun fi masu kallon ƙasa da awa biyu haɗarin ciwon zuciya ko mutuwa da kusan kashi 50.

Laifin ba na fim ba ne, na zaman ne. Idan mutum ya daɗe a zaune, jijiyoyin ƙafarsa ba sa aiki, jini ba ya gudu sosai, suga da kitse sai su daɗe a cikin jinin. Ga shi galibi an cika ciki da tuwon dare aka zauna, sannan a bi da tsire, cincin da lemon kwalba. Barci ma ya ragu. Sannu a hankali sai teɓa ta fito, hawan jini ya biyo baya.

Wani zai ce ai wannan ciwon tsofaffi ne. Ina! Kitsen da ke toshe hanyoyin jini tun ƙuruciya yake fara taruwa, sai an girma ya bayyana.

Abin farin cikin shi ne, a binciken na Jackson ba a ga wannan ƙarin haɗari ba ga masu motsa jiki na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Don haka ba sai an daina kallo ba. In an sa talla, ko kashi ɗaya ya ƙare, a miƙe a ɗan zagaya. Samari su koma filin ƙwallo da yamma, 'yan mata su riƙa ɗan tattaki. A kuma tuna wa Baba da Umma su riƙa zuwa awon jini.

Jarumi in ya mutu a fim, gobe za a gan shi a wani fim ɗin. Ɗan kallo kuwa zuciya ɗaya gare shi.