Ra'ayi: A ga ƙwayar cuta kafin a rubuta magani

Wanda ya yi haɗarin babur aka sa masa ƙarfe a ƙafa, in wurin ya kumbura, hoton asibiti zai nuna kumburin. Abin da ba ya iya faɗa shi ne ko ƙwayar bakteriya ce ta shiga, ko ciwon ne kawai bai lafa ba. Awon da ke tabbatarwa kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, sai likita ya rubuta antibiyotik bisa zato.

Wannan giɓin ne masu bincike ke son cikewa da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe ko zinariya da ake kira nano, waɗanda suka fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ana liƙa masu abin da ke manne wa bakteriya, kamar maganin vancomycin, a sa su cikin jini. Sai su taru inda cutar take, na'urar IRM ko sikana ta nuna wurin. Galibin gwajin a jikin ɓeraye ake yi har yanzu.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Dakoro ko Tanut da wannan, alhali IRM sai manyan asibitoci? Ruwansa da tsaki. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowa asara. Shan antibiyotik bisa zato, daga asibiti har tiren mai talla, na cikin abin da ke ƙara mata taurin kai.

Kuma nano ba baƙo ba ne a wurinmu. Jan layin da ke fitowa a yawancin awon zazzaɓin cizon sauro na nan take, ɓurɓushin zinariya ne. Ya isa ƙauyuka ne saboda yana da arha kuma ba ya bukatar lantarki.

Saboda haka ya kamata ma'aikatar lafiya da cibiyar CERMES ta Yamai su nemi shiga irin wannan bincike tun yanzu, su matsa a ƙera nau'in da asibitin gunduma zai iya saye. Ɗalibanmu da ke karatun kimiyya a waje ma su kalli wannan fanni. Kafin nan, a wadata ɗakunan awo na jihohi da kayan aiki, a kuma hana sayar da antibiyotik ba takardar likita.