Harajin Duhu: Abin da Allon Cajin Waya ke Faɗa Game da Birnin Zazzau

A ƙasashen da ba a ɗauke wutar lantarki, kamfanoni irin su Anker suna tallata wata ƙaramar na'ura mai ramuka da yawa, wadda ake ɗorawa a kan teburin aiki a jona mata waya da kwamfuta da agogon hannu a lokaci guda. Abin da aka ƙera ta don ta magance shi ne cukurkuɗewar igiyoyi da ƙarancin soket a bango. Tarayyar Turai ma ta sa baki a zancen: daga 28 ga Disamba 2024 ta wajabta wa masu sayar da sabbin wayoyi a ƙasashenta su yi amfani da bakin caja iri ɗaya, wato USB-C. Can iyakar damuwar ke nan, tsaftar tebur da siffar bakin caja.

Birnin Zazzau ma yana da tasa na'urar, sai dai kafinta ne da mai gyaran wuta suka haɗa ta. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, daga bakin kasuwar birni zuwa lungunan Kwarbai, da wuya mutum ya yi doguwar tafiya bai ga rumfa ko shago mai faffaɗan katako jere da soket talatin ko hamsin ba. Janareto yana ruri a gefe, wayoyi a jere kowace da lambarta, mai waya ya tafi da ɗaya rabin lambar a aljihu. An saba da wannan har wasu na kiransa sana'ar matasa, wasu kuma hikimar ɗan Najeriya. Sunansa na gaskiya haraji ne da talaka ke biya kullum saboda aikin da hukuma ta gaza yi, kuma yana biyansa a farashin da babu attajirin da zai yarda da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke hannun jama'a batirinsu yana kan awon 5,000, wanda bai wuce wutar wat 20 ta awa guda ba. Ma'ana, da wutar kilowat ɗaya, wadda ita ce yunit ɗaya a mita, za a iya cika waya kusan hamsin. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225, aka yi ta kururuwa a faɗin ƙasa cewa an yi tsada. A wannan farashi mafi tsada, cika waya ɗaya bai kai naira goma ba. Amma wanda ya kai wayarsa wurin caji ya biya naira 100, ya sayi yunit ɗaya ne a kan kusan naira 5,000, wato ninki fiye da ashirin na abin da mai na'urar sanyaya ɗaki yake biya. Wanda ya fi kowa ƙarancin amfani da wuta shi ya fi kowa biyanta da tsada.

Laifin ba na mai caji ba ne, kuma zalunci ne a ɗora masa. Janaretonsa yana shan mai ko waya goma ce a kan allo ko arba'in. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A cikin kuɗin cajin nan ne zai sayi mai da baƙin mai, ya gyara inji, ya sauya cajojin da suka ƙone, ya biya hayar shago, ya kuma biya diyya ranar da wayar wani ta ɓace a hannunsa. Yana wuni cikin hayaƙi da ƙara don ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Shi da abokin cinikinsa duk ruwa ɗaya ne ke dukansu.

Masu cewa ai waya ba abinci ba ce, kowa na iya haƙura, sun makara da shekaru. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ana iya kiranta ado. Yau gwamnati da kanta ta mayar da ita dole. An ɗaure layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB sai da layinsa zai fara rajista. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mai shayi da mai kayan miya duk sun koma karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, wadda ita ma sai an yi mata caji. Hukumar da ta tilasta wa mutum rayuwa ta cikin waya, sannan ta bar shi ba wutar da zai cika ta, ta ɗora masa kaya ne ta hana shi gammo.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba. A cikin birni mata da yawa suna sana'a ne daga cikin gida: ɗinki, abincin sayarwa, turare, atamfa, kuma ta WhatsApp suke samun masu saye. Idan batir ya mutu, yaro ake ba wayar ya kai bakin titi. Awa biyu ko uku cinikinta a rufe yake, wayar da ke ɗauke da hotunan iyalinta da saƙonnin bankinta kuma tana hannun wanda ba ta sani ba. Mafi yawan masu caji mutanen kirki ne masu amana, amma tsarin da ya dogara kacokan ga amanar baƙo ba tsari ba ne. Ga kuma wutar ƙaramin janareto da ke hawa da sauka, da cajoji marasa inganci da ke gajarta rayuwar batir. A ƙarshe mai waya ya biya kuɗin caji, ya biya mai gyara.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wuraren caji sun samar wa matasa aikin yi. Haka ne, kamar yadda bushewar famfo ta samar wa 'yan ga-ruwa aikin yi, kuma mutanen Zariya sun san wannan labarin fiye da kowa. Babu mai hankalin da zai ce a bar famfo a bushe don kada mai kura ya rasa ciniki. Wutar da za ta rufe rumfar caji ita ce za ta tayar da injin tela, da injin markaɗe, da na'urar mai walda, da firjin mai sayar da ƙanƙara, waɗanda ayyukan da za su samar sun ninka na allon soket.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga NEPA ta 1972, zuwa PHCN ta 2005, zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa daga 2013, suna kawai ake sauyawa. Kamfanin Kaduna Electric, mai kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ya kai matsayin da a Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Tashar wuta ta Kudenda a Kaduna, mai ƙarfin megawat 215, an ba da kwangilarta tun 2009, aka shafe fiye da shekara goma ba ta haskaka gidan kowa ba. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan allon mai caji ne ya riƙe sadarwar miliyoyin mutane, kuma kuɗin caji ya tashi daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin takaicin shi ne maganin wannan ɓangare na matsalar ba ya jiran gyaran babban layin ƙasa. Farantin sola guda mai ƙarfin wat 300, idan ya samu rana mai kyau ta awa biyar, zai ba da wutar da za ta cika waya wajen hamsin, ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Rana kuwa ba ta yi wa Zazzau rowa ba. Abin da ya hana mai caji komawa sola shi ne jarin farko na faranti da batir, wanda ya fi ƙarfin aljihunsa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, don haka gwamnatin Kaduna ba ta da sauran uzurin cewa komai na Abuja ne. Tana iya ba masu caji rancen kayan sola da za su biya a hankali da kuɗin man da suka daina saye, bisa sharaɗin rage farashi. Ƙaramar hukumar Zariya tana iya sa faranti a rufin makarantun firamare da asibitocin unguwa, a ware wa mata wurin da za su yi caji da kansu. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suna da injiniyoyin da za su iya tsara allon caji mai kariya daga hawa da saukar wuta, su koya wa masu haɗa shi. Masu unguwanni, ƙarƙashin Masarautar Zazzau, sun san wanda za a ba amana a kowane lungu.

Wannan ba zai maye gurbin wutar gida ba, kuma bai kamata a bari ya zama hanyar rufe bakin jama'a ba. Haƙƙin mazaunin birni shi ne ya jona wayarsa a bangon ɗakinsa ya kwanta. Kafin a kai can, duk ɗan siyasar da ya shigo cikin ganuwa neman ƙuri'a ya cancanci tambaya ɗaya mai sauƙi: nawa shi yake biya ya cika wayarsa, kuma me ya sa matar da ke soya ƙosai a Ƙofar Gayan take biyan ninki ashirin?