Tsohuwar kat-kat: ita za ta ciyar da mai ita, ko shi zai ciyar da ita?

Tun zamanin babban taron ƙasa na 1991, babu wata alamar iko da ta zauna a idon ɗan Nijar kamar kat-kat. Da ita ƴan takara suka ratsa ƙauyuka a zaɓen 1993, da ita ƙungiyoyin agaji ke kai hatsi karkara, kuma a kujerarta ta baya minista ke zama, gilashi a rufe. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kasuwar da ya ci ribar shekara biyu, ko ma'aikacin da aka naɗa darekta, yana zagaya filayen sayar da motoci na Yamai, yana shafa ƙofar wata tsohuwar Land Cruiser wadda ma'auninta ke nuna kilomita 300.000. Sabuwa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wannan kuwa, in ya haɗa ajiyarsa da bashin banki, tana iya kwana a gidansa. Dillali zai rantse masa cewa injin bai ma fara aiki ba.

A yi wa dillali adalci, ba duk maganarsa ce ƙarya ba. Injin gazuwal na Toyota da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990, mai silinda 6 da lita 4,2, ya yi suna a duk faɗin Sahara saboda dalili. Ba shi da kwamfuta, ba shi da saurin fushi, kuma makanikin Tanut ko na Abalak yana iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Irin wannan inji, in ya samu mai kula, kilomita 300.000 ba ajalinsa ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai mota ba inji ba ce kaɗai, kuma a nan ne dillali ke yin shiru.

Abu na farko, lambar da ke kan ma'auni ita ce shaidar da ta fi kowace rauni. Mayar da ita baya aikin ƴan mintoci ne ga wanda ya iya, ko ma'aunin na allura ne ko na lantarki. Motar da ta baro Turai, ta sauka tashar jiragen ruwa, ta ratsa hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso Maraɗi, kowane hannu yana da riba in lambar ta ragu. Mai hankali ya fi gaskata sitiyarin da ya goge, da robar birki da ta siɗe, da kujerar direba da ta lotsa. Ko da lambar gaskiya ce ma, ba ta faɗin inda aka yi tafiyar. Wadda ta ci kilomitocinta a kan kwaltar Jamus ko Beljik ba ta sha wuyar rairayi ba, amma gishirin da ake watsawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen shasi daga ƙasa, inda fenti ba ya kaiwa. Wadda wani shirin raya karkara ya sayar bayan ta gama aiki ba ta da tsatsa, amma ta yi shekaru tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta a hannun direbobi goma, ba ɗaya daga cikinsu da ya saye ta da kuɗinsa.

Sai batun ciyarwa, wanda lissafinsa ba ya buƙatar zuwa jami'a. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sa litar gazuwal sefa 618, ta esans sefa 499. Tsakanin Yamai da Damagaram kilomita kusan 900 ne. Tsohuwar kat-kat mai shan lita 13 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 117, wato wajen jika 72 a zuwa kawai. Ƙaramar mota mai shan lita 7 ta esans za ta kai mutum wuri ɗaya, a kan kwalta ɗaya, da jika 31 da ƴan kai. Bambancin zuwa da dawowa ya haura jika 80, kuma ba a taɓa taya ba tukuna, ba a zuba baƙin mai ba, ba a biya asurans ba, ba a biya binyet ba, wadda ita ma gwargwadon dawakin inji take hawa. A da, mazauna kudu sun dogara da man ƴan ruwa-ruwa da ke tsallakowa daga Najeriya da araha. Cire tallafin mai da aka yi can a 2023 ya rage wannan gata ƙwarai, kuma dogayen layukan da aka gani a gidajen mai a watan Maris na 2025 sun nuna cewa matatar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ba ta isa ta zama garkuwa kullum ba.

Gyara shi ne babban rami. Motar da ta kai wannan shekaru kayanta ba sa mutuwa rana ɗaya, bi da bi suke yi, kamar haƙoran tsoho. Yau famfon gazuwal, gobe akwatin giya, jibi bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, wanda in ya tsinke ana cikin gudu yakan tafi da kan injin gaba ɗaya. Duk waɗannan daga waje suke zuwa, kuma wanda ya ga watan Janairu na 1994 bai manta ba: dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa da kuɗin Faransa ya ninka, motoci da yawa suka hau duwatsu a ƙofar gidaje, kaji suka samu akurki. A 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. Wanda kuma ya tsallake tsohuwar 1HZ ya sayi V8 mai kwamfuta don ta fi kama da ta minista, ya ƙara wa kansa nauyi biyu: ba ta jure gurɓataccen mai, kuma in ta tsaya a daji sai an ɗauko mai na'ura daga birni.

Duk da haka akwai wanda wannan ciniki ya dace da shi. Falken da ke sayen dabbobi a arewacin Dakwaro, da mai kai kaya daga Gure zuwa Taskar, da ɗan kwangilar haƙa rijiyoyi, waɗannan ba ado suke saye ba. Inda suke zuwa ƙaramar mota ba ta zuwa, kuma kowace tafiya tana dawowa da kuɗin man ta da ƙari. Gare su ma tsufan motar gata ne, domin faɗuwar farashi mafi zafi mai ita na farko ya riga ya sha ta. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a 2014, duk mai kat-kat mai lafiya ya ga masu nema a ƙofarsa. Sharaɗin kawai shi ne ya je da makanikinsa, ba na dillali ba, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, kuma kada ya zuba duk jarinsa a farashi, ya bar wani kaso mai kauri domin gyaran shekarar farko. Ya kuma tuna cewa tun tawayen shekarun 1990 wannan mota ce ƴan bindiga suka fi kwaɗayi a hanyoyin arewa.

Ma'aikacin gwamnati lamarinsa daban ne. Tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce, sai makarantar yara, sai garinsu da salla, kusan duk a kan kwalta. Motar ba ta shigo masa da ko dala. Albashinsa ƙayyadadde ne, kuma waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun san yana iya yin watanni bai zo ba, alhali banki ba ya jinkirta nasa. Idan famfon gazuwal ya mutu a tsakiyar wata, hanyoyi uku ke gabansa: ya ajiye motar ya hau kabu-kabu makwabta suna kallo, ko ya rage cefane da kuɗin makaranta, ko ya fara duban takardun man ofis da ƴan kwangilar da ke jiran sa hannunsa da wani ido. Hanya ta ukun ce ta sa wannan magana ta wuce shafin motoci. Ba kowane darekta mai kat-kat ne ɓarawo ba, amma ba a taɓa jin an tambayi ko ɗaya yadda albashin da kowa ya san adadinsa ke ɗaukar lita 117 a tafiya guda ba. Ƴan majalisar da ya kamata su yi tambayar, kafin 2023 tasu takan kasance ajiye a ƙofar majalisa, injin yana aiki don kada sanyin ciki ya tafi.