Rezo ba a tsawon ƙarfe yake ba

Shekara ashirin ke nan ina gyaran rediyo da lasifika a Droum, kuma ƙorafin da na fi ji a bakin rumfata shi ne: "Malam, ga eriya tsaye muna gani, amma rezo ya ɗauke." Mutanenmu sun ɗauka tsawon ƙarfen ne ke kawo magana. Ni kuwa na san ƙarfin yana cikin wani akwati da ake kira amfilifaya, mai ƙara wa sigina ƙarfi kafin eriya ta watsa shi.

Duk wanda ya taɓa murɗa lasifikar masallaci har ƙarshe ya san abin da ke biyo baya: muryar ladan ta dushe, ta koma gurnani. Haka amfilifayar salula take. Idan aka matsa mata, sai ta murguɗa saƙon, har ya fantsama cikin zangon maƙwabta. Idan aka sassauta mata, saƙo ya fita tas, amma mafi yawan wutar da ta sha ta zama zafi. Gidan rediyon FM bai damu da wannan sosai ba, domin ƙarfin siginarsa ba ya hawa da sauka. Na 4G kuwa hawa da sauka ne halinsa.

Masana sun daɗe da samo dabara. A 1936 William Doherty, injiniya a Bell Labs ta Amurka, ya haɗa amfilifaya biyu: ɗaya na jan kaya kullum, ɗayar ba ta tashi sai nauyi ya ƙaru, kamar sa na biyu da ake ɗaura wa amalanke idan an iso yashi. Daga baya aka ƙara wata hikimar: kwamfuta ta nazarci yadda amfilifaya ke karkatar da sigina, sai ta riga ta karkatar da shi ta ɗaya ɓangaren. Maharbin da ya san iska na kaɗa kibiya hagu, ai dama yake aunawa. Da waɗannan biyun, kusan rabin wutar kan zama sigina.

Wannan ya shafe mu fiye da Turai. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan wuce digiri 40, zafi kuwa na canza halin amfilifaya, yana rage mata kwana. Kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Eriyar da ba ta ɓarnar wuta, farantan hasken rana da batura kaɗan sun ishe ta. Mai ɓarna kuwa sai gurup da gazuwal, kuɗin kuma a kan mai sayen kati yake ƙarewa.

Shawarata biyu ce. Hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa ta riƙa tambayar kamfanonin waya ko kayan da suke girkawa a karkara an gwada su a zafi da ƙura irin namu. Jami'ar André Salifou ta Zinder da makarantar EMIG ta Yamai kuma su koya wa yaranmu auna waɗannan na'urori da tsara su, kada su tsaya ga sauya wadda ta ƙone.

Iyaye, idan kuka ga yaro na kwance tsohuwar rediyo, kada ku kore shi. Ku saya masa mita, ku tsaya ya yi lissafi a lakkol.