Zancen Iyali: Mudun Baba Ɗaya Ne

Zancenmu na wannan wata a kan gādon da ba a kai shi gaban alƙali ne. Uba ya kan bar gona da shanu, 'ya'ya su raba, wani ya sayar da nasa kafin shekara ta kewayo. Amma halin da uba ya yi ciniki da shi, kowane ɗa yana iya ɗaukarsa duka, rabon ɗan'uwansa kuwa ba zai ragu ba.

Mahaifina manomi ne a Ketare, ƙasar Ƙanƙara. Da damina yana gona, da kaka ya kan sayi dawa da masara ya kai kasuwannin Ƙanƙara da Malumfashi. Bai yi boko ba, lissafinsa duk a ka yake. Dokokinsa uku ne.

Ta fari, mudu ɗaya. Waɗansu 'yan awo suna da babban mudu na saye, da ƙarami na sayarwa. Baba da mudun da ya saya, da shi ya kan sayar. Ya kan ce mini, "Ɗana, matar da ka rage wa awo ba za ta yi faɗa da kai ba. Za ta koma gida ta sake aunawa, ta gaya wa maƙwabta, shi ke nan."

Ta biyu, ba a cin iri, ba a cin uwar kuɗi. Riba ce ta cefane da ta biki. A farin 1973, sa'ad da hatsi ya yi wuya a Arewa, gidaje da dama sun daka irinsu sun ci. Baba ya rage tuwon gida, amma dammunan iri da ya rataye bai taɓa su ba. Da ruwa ya sauka, shi ya ba maƙwabta abin shuka.

Ta uku, ka biya bashi tun mai shi bai aiko ba. In ranar ta zo hannunka bai cika ba, ka tafi da ƙafarka ka faɗa masa, kada ka sauya hanya.

Ku duba sau nawa kuɗi suka sauya. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. A Afrilu 1984 gwamnati ta sauya launin takardun naira, aka yi ta layi a banki. A farkon 2023 kuma takardun kuɗi suka yi ƙaranci, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye. A irin wannan lokaci wanda aka san bakinsa ɗaya ne, shi a kan ba buhu a ce ya kawo kuɗi daga baya.

Manyan attajirai ma haka suke renon 'ya'yansu. Alhaji Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya fara da fataucin goro ya kuma rasu a 1955, ya sa 'ya'yansa cikin aikin tun suna samari. Ɗansa Aminu ya fara da sayen amfanin gona a 1948, ya ci gaba da riƙe sunan gidan har rasuwarsa a 2025.

Iyaye da yawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun rasa shanunsu a hannun ɓarayin daji, waɗansu har gona suka bari. Irin wannan uba ya kan zauna yana tunanin abin da zai bar wa yaransa. Malam, kada ka karaya. Ran kasuwa ka tafi da yaronka, ka ba shi mudu ya auna a gabanka, ya ga ka mayar da canjin da aka manta, ya raka ka gidan wanda kake biya bashi. Yaro ya fi riƙe abin da ya gani bisa ga abin da aka gaya masa.

Sai wata mai zuwa.