Kafin Ka Yi Wa Takardarka Hoto Da Waya, Karanta Wannan

Da yawanmu in za mu sayi waya, megafiksel muke fara tambaya. A ra'ayina, tambayar da ta fi ita ce: gilashin kyamarar nan don wane aiki aka ƙera shi?

Kafin kwamfuta da sikana su karɓe aikin a shekarun 1990, maɗaba'u suna da wata ƙatuwar kyamara da ke ɗaukar hoton rubutu da zane, a mayar da shi kan farantin bugawa. Gilasanta guda biyu ƴan Jamus sun yi suna.

Na farko Apo-Ronar na kamfanin Rodenstock. Gilasai 4 ne a cikinsa, na gaba da na baya kamar tagwaye. Wannan daidaiton ne ke hana layi lanƙwashewa. Sai dai filin da yake gani ƙunci ne, dole a ja da baya.

Na biyu G-Claron na kamfanin Schneider, mai gilasai 6. Ya fi faɗin gani, shi ya sa masu manyan kyamarori na fim mai inci 8x10 suke neman na hannu har yau.

Dukkansu a f/9 suke, wato ba sa shan haske sosai. Amma wa ya damu? Takarda ba ta motsi. Abin da ake buƙata layi ya fito a miƙe, gefe ya yi kaifi kamar tsakiya.

To ina ruwanka da wannan? Gilasan wayarka ma kowanne da aikinsa. Na 0.5x don faɗi aka yi shi, yana jan gefen hoto. In ka ɗauki satifiket ko katin NIN da shi, kada ka yi mamaki in shafin neman aiki ko makaranta ya ƙi karɓa.

Ga yadda za ka yi:
1. Shimfiɗa takardar kusa da taga da rana.
2. Goge gilashin.
3. Ja da baya, ka danna 2x, inuwar hannunka ba za ta faɗa kai ba.
4. Riƙe wayar daidai saman takardar, kar ta karkace.

Gwada 0.5x da 2x a takarda ɗaya, ka faɗa mana bambancin da ka gani a ƙasa.