Zamanin Babur a Agege: Abin da Ya Bayar da Abin da Ya Ci

Duk inda tsofaffin 'yan acaɓa suka zauna a Agege, ko a teburin mai shayi a Sango ko a gindin masallaci bayan la'asar, hira ba ta nisa sai ta gangara kan zamanin da. Za ka ji ana tuna tsohuwar Suzuki da Yamaha masu tafiya suna turnuƙe titi da hayaƙi, da lokacin da mutum zai ɗauki fasinja daga Pen Cinema ya dire shi Ikeja ko Oshodi ba mai ce masa kanzil, da samarin da ke ɗaga tayar gaba su yi tafiya mai nisa a kan ta baya ranar kai amarya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma gaskiya bana ba ta yi wa mai babur daɗi a Legas ba. Sai dai kewa ba ta iya lissafi. Tana ƙirga ribar ta tsallake asarar, shi ya sa ya kamata a baje su duka biyun a faifai.

Agege tsohon zango ne. Goro ne ya fara zaunar da Bahaushe a nan, jirgin ƙasa ya ƙarfafa zaman, cinikin shanu da mayankar Oko-Oba suka ɗora. Saboda haka da tattalin arziki ya tsuke bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, motocin haya suka yi ƙaranci, acaɓa ta zama sana'a, yaron da ya taso daga Arewa ya tarar da masauki a shirye. Akwai ɗan garinsu, akwai wurin shimfiɗa tabarma, akwai Alhajin da zai saya masa babur ya riƙa kawo balas kullum yamma. Daga baya baburan Jincheng na Sin suka shigo da araha, sannan Bajaj ta Indiya ta zo ta mamaye titi saboda juriya da rashin shan mai.

Fa'ida ta farko, wadda ko maƙiyin acaɓa ba ya musunta, ita ce abinci. Babu wata sana'a a Legas da take karɓar mutum ba takarda, ba Turanci, ba Yarbanci, ta kuma sa masa kuɗi a aljihu tun ranar farko kamar wannan. Ɗan cin rani yakan zo bayan girbi, ya yi watanni yana murza totur, ya koma gida kafin shuka da kuɗin taki da na ɗinkin iyali. Da kuɗin babur an yi aure, an rufa ɗaki da kwano, an sayi bijimin noma a ƙauyukan Jigawa da Katsina da Yobe, har da tsallaken iyaka wajen Maraɗi da Damagaram. Kuma babur ɗaya ba baki ɗaya yake ciyarwa ba. A bayansa akwai bakanike, da mai faci, da mai kayan gyara, da mai ɗinka murfin kujera, da mai wanki, da matar da ke dafa garau-garau kusa da tasha. Lokacin da Maiduguri ta hana acaɓa a 2011, Kano kuma ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Legas ce ta haɗiye da yawa daga waɗanda aka raba da abin yi. Wanda Boko Haram ta kora daga gonarsa, ko 'yan bindiga suka tayar wa ƙauye, babur ne ya hana shi bara.

Ita ma Legas ta ci moriya, ko da ba ta son faɗa. Kafin a buɗe gadar Pen Cinema a 2021, wanda ya san mahaɗar nan da layin dogo ya san yadda mota ke kwana a cunkoso. Ma'aikaci mai gudun makara da ɗalibi mai jarrabawa da mai naƙuda cikin dare, duk babur ne ya fitar da su kunya. Lungunan Orile Agege da Dopemu, inda ruwan sama ke mayar da hanya kwatami, ba motar haya ta danfo da ke shiga.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba, kuma ita ce ainihin abin da masu kewar nan suke kewa. Babur ya ba wa yaron talaka abin taƙama. A garuruwanmu na Arewa doki ne abin ƙasaita, sukuwa da kilisa kuwa sai mai hali ko ɗan gidan sarauta. Babur ya sauko da wannan nishaɗi ƙasa inda kowa zai kai hannu. Ka dubi yadda ake yi masa ado: tuntaye a madubi, kujera mai geza, fitilu kala-kala, rubutun habaici a bayan lamba, salansar da aka huda don ta yi ƙara. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijon bakanike a bayan kasuwa yana gyaran kabireto. Bai kunce komai ba tukuna. Ya sa yaron ya tayar da injin, ya karkata kunne, ya ɗan juya wani ƙaramin noti da sukundireba, ƙarar ta daidaita. Ya kwance fulogi ya duba launin bakinsa, ya goge da tsumma ya ce: “Yaro, baƙin man da kake zubawa ba shi da kyau, canza shi kafin ya ci maka fistin.” Yaron ya ce: “To, Baba.” Wannan ilimi ne da ba a makaranta aka koya ba, kuma tsofaffin injuna masu cin fetur gauraye da baƙin mai su suka haifar da shi, domin kullum suna buƙatar hannu.

Wani abin sha'awa, irin wannan kewa ba a Agege kaɗai ake yin ta ba. A Turai da Amurka akwai tseren babura a kan turɓaya da tuddai da ake kira motokuros, wanda ya samo asali a Ingila a 1924. Tsofaffin 'yan wasan can ma kukansu ke nan: tun daga ƙarshen shekarun 1990 sababbin injuna masu tsada suka ture tsofaffi masu hayaƙi da kowa ke iya gyarawa a bayan gida, wasa ya koma hannun kamfanoni da masu kuɗi. Mutanen Agadas kuwa suna tuna lokacin da tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara kammalawa a 1979, yake ratsa garinsu da babura da motoci, kafin matsalar tsaro ta sa a soke na 2008, a kai shi Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Bambancinmu da waɗannan 'yan tsere ɗaya ne, kuma babba ne. Su sun keɓe wa wasansu fili, da hular kwano, da takalmi mai kare ƙwauri, da motar asibiti a gefe. Mu namu gwanayen ba su taɓa samun fili ba, sai suka mayar da titi filin wasa, da fasinja a baya.

Daga nan illolin suka faro. Gwanintar da ta dace da tsere ita aka shigo da ita cikin sana'a: kurɗawa tsakanin tirela da danfo, bin hannun da ba naka ba, hawa gefen masu tafiya a ƙasa, keta jar wuta, goyon mutum uku har da buhu a kan tanki. Sakamakon yana kwance a asibitin ƙashi na Igbobi, inda yawan masu karaya ya sa jama'a suka laƙaba wa wani ɗakin jinya sunan okada, wato acaɓa. Gwamnatin Legas ta ce tsakanin 2016 da 2019 manyan asibitocinta kaɗai sun karɓi haɗura sama da 10,000 na babura da keke mai ƙafa uku, mutum sama da 600 suka mutu. Wannan lissafin bai san da namu ba, domin ɗan acaɓan da ya karye ba kasafai yake zuwa asibiti ba. Gidan mai ɗori ake kai shi, ko a sa shi a motar shanu mai komawa Arewa. A ƙauyukan da aka rufa ɗakuna da kuɗin babur, a nan za ka ga samari masu ɗingishi da matan da suka yi takaba ba su kai shekara ashirin ba. Masu hirar zamanin da ba sa kawo sunayen waɗannan sai an tambaya.

Batun hular kwano abin dariya ne mai ciwo. Da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta sanya ta a farkon 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'i. Fasinjoji kuma suka ƙi sawa, wasu don ƙazanta, wasu don tsoron asiri. Sai ƙwaya. Wanda zai yi awa goma sha biyu a rana da ƙura, ga balas na jiransa, ga tikitin ƙungiya, ga 'yan agbero masu karɓar kuɗi a kowace kwana, ga na ɗan sanda, sau da yawa Tramol yake nema ya riƙe masa jiki. Ƙwayar tana kashe gajiya, tana kuma kashe tsoron da ke sa mutum ya taka birki.

Illar da ta fi yi mini nauyi ita ce wadda ta shafi waɗanda ba su taɓa hawa babur ba. 'Yan acaɓa suna da haɗin kai, kuma haɗin kan yana da fuska biyu. Idan ɗaya ya faɗi, kafin ƙiftawar ido an taru an ɗauke shi an yi masa karo-karo. Idan kuma mota ta taɓa ɗaya, haka za a taru a kan direba ba a tambayi mai gaskiya ba. A garin da ba naka ba, irin wannan taro wuta ne. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda ya ci rayuka aka rufe kasuwa, daga gardamar ɗan acaɓa ya tashi. A Mayun 2022 aka kashe wani matashi mai haɗa sauti a Lekki bayan saɓani da masu babur, kuma cikin kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da haramci. Duk lokacin da irin haka ta faru, mai goro da mai gadi da mai canji da ya shekara arba'in a Agege su ma sai sun sha kallon banza. Shi ma mai babur ana yi masa kuɗin goro. A Agustan 2019 an tare wata babbar mota daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, aka tsare su, aka yi ta yaɗa hotunansu kamar an kama mayaƙa, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba.

Hukuma ta bi abin daki-daki. Dokar hanya ta Gwamna Fashola a 2012 ta hana acaɓa a tituna 475. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 aka hana ta a manyan sassan birni, har kamfanonin da suka zo da waya da hular kwano da horo, irin su Gokada da MAX, abin ya rutsa da su suka daina ɗaukar fasinja a can. A nan nake ganin gwamnati ta yi kuskure, domin kamfanonin nan ne suka fara nuna ana iya tsabtace sana'ar. Ranar 1 ga Yunin 2022 haramcin ya zama cikakke a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, a Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Somolu da Kosofe. An riƙa niƙe baburan da aka kama a gaban kyamara. A wajen gwamnati ƙarfe aka niƙe. A wajen yaron da ya karɓi babur bashi yana biya mako-mako, an niƙe abin hawa an bar masa bashin.

Agege ba ta cikin jerin, amma ta ji a jika. Ikeja maƙwabciya ce, kuma can ne fasinja mai biyan kuɗi da kauri yake. Da aka rufe ta, waɗanda aka koro suka kwararo Agege da Alimosho da bakin iyakar Ogun, babura suka yi yawa a kan gajerun hanyoyi. Sai cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin fetur, faɗuwar naira ta kai sabuwar Bajaj sama da miliyan ɗaya. Yaron da ke lissafin wannan kuɗi ba ya ɗaga tayar gaba don 'yan mata su yi guɗa. Wasan ya ragu, kuma ni ban ga abin kuka a nan ba, ko da yake talauci ne ya rage shi, ba hankali ba.

Wasu sun koma keke Marwa, wasu kai saƙo, wasu gwangwan, wasu gida. Ƙungiyoyin da suka shekara suna yankar tikiti kullum safiya ba su bar wa 'ya'yansu makarantar koyon tuƙi ba, ba asusun jinya, ba ko fegin da matasa za su gwada gwaninta ranar Lahadi nesa da fasinja. Manyan zango ma, da sarakunan Hausawa da attajiran da ke sayen babura suna rabawa haya, sun fi fitowa bayan an yi kame fiye da kafin a yi. Jirgin ƙasa na jan layi da aka ƙaddamar a 2024 yanzu yana tsayawa a Agege a hanyarsa daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ɗauke doguwar tafiyar da a da babur ke yi. Abin da ya rage wa ɗan acaɓa shi ne ya jira a bakin tasha ya kai wanda ya sauka cikin lungu, kuma samarin da ke sauka daga motocin Arewa kowane mako a kan wannan guntun aikin za su yi rububi.